Ranar Da Na Ja Ɗaki Da Tsohuwa A Ciki

Jiya bayan la'asar, a ƙofar gidanmu na Whalley Range a nan Manchester, ɗayanku ya leƙa bayan motata ya ga ƙugiyar da nake jan caravan da ita, ya ce, "Kawu Isa, wannan aikin naka ai hutu ne. Ka maƙala, ka taka mai, ka sauke." Sauran kuka kwashe da dariya. Har wani ya ce shi ma idan ya gama digirinsa zai sayi ƙugiya ya riƙa yi a ƙarshen mako. To madalla. Amma kafin ku saya ku zauna ku ji, domin ni da kuke gani na taɓa jan caravan a babbar hanya da mahaifiyar mutane a ciki, ban sani ba.

Caravan dai kun san shi, ɗaki ne mai taya, da gado da wurin girki, da Turawa ke ja su tafi hutu. Aikina shi ne in ɗauke shi daga inda aka saya in kai shi inda mai shi yake so. Ni ma karatu ne ya kawo ni jami'ar nan ta Oxford Road kamar ku. Da zama ya yi tsawo sai na samu aikin wanke waɗannan ɗakuna a wani fili bayan Stockport, wajen wani dattijon Bature mai suna Ken. Mutum ne marar yawan magana, kullum hannunsa da baƙin mai. Na daɗe ina wanki kafin ya yarda in taɓa sitiyari.

Aikin farko da ya tafi da ni, wani mutum ne ya bugo yana neman agaji daga wajen Buxton, can cikin duwatsu. Ya bi abin da wayarsa ta ce masa, ta kai shi wata siririyar hanyar gona mai katangar dutse hagu da dama, ga gangara, ga kwana. Gaba ba ta yiwu, baya ba ta yiwu. Sai da muka cire ɗakin daga motar, muka sa masa waigi a ƙarƙashin taya, muka riƙa tura shi da hannu kaɗan-kaɗan, ni ina ƙasa ina tare shi da kafaɗa. Da waigin ya zame, da ni zai fara bi ta kai. Da muka fito Ken ya miƙo mini wata tsohuwar taswira ta direbobin manyan motoci, wadda ke nuna gada mai ƙasa da gangara mai tsanani. Ya ce waya ba ta san kana jan komai ba, gajeriyar hanya kawai ta sani. Ya ce in riƙa bin inda tirela ke bi, ko da zagaye ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai madubin ƙari da ake ɗaurawa a kan na mota, don ka ga gefen ɗakin har wutsiya. Akwai gejin iskar taya, da waigi, da wayar birki wadda za ta tsayar da ɗakin idan ƙugiya ta kuɓuce. Sai abin da kuka fi yi mini dariya a kansa, sikelin banɗaki da guntun katako. Da su nake auna nauyin da hancin ɗakin ke ɗora wa mota. Idan kaya suka yi yawa a baya, hanci ya yi sakayau, to da zarar ka ɗan yi gudu sai wutsiya ta fara kaɗawa. Kaɗawar nan ita ce abin tsoron sana'armu. Tana farawa kamar da wasa, ka ji ta a ƙugunka kafin ka gan ta a madubi, sai ta yi ta ƙaruwa har ɗakin ya juya motar ya kifar da ku duka. Shi ya sa duk abu mai nauyi a ƙasa ake ajiye shi, a tsakiya, daidai kan taya.

Mutanenmu kuwa, Allah ya ba su haƙuri da ni. Bahaushe ba ya ganin wuri a buɗe ya ƙyale. Sai ka gama aunawa ka juya baya, ka tarar an cusa buhun shinkafa da jarkar manja a ƙarƙashin gadon baya, wai ai akwai fili. Na sha yin faɗa da matan likitoci a kan tukwane.

Shekarar kulle ta korona ita ce mummunar shekararmu. Ba mai fita, ba mai saye, ɗakuna suka yi ta yin gansakuka a fili, Ken ya rufe wurin ya koma wajen 'yarsa. Ni kuwa na koma kai wa mutane cefane. Da aka buɗe gari sai abin ya juye. Zuwa gida Najeriya ya yi wuya, yara sun gaji da zaman flat, sai ga mutanenmu da ba su taɓa tunanin caravan ba suna saye. Mafi yawa ba su da ƙugiya a mota, ba su kuma taɓa jan ko amalanke ba. A lokacin ne na koma jan ɗaki da motata, har wani Injiniya Mustafa ya kira ni.

Injiniya a Edgbaston yake zaune, can Birmingham, ya sayi ɗaki na hannu a nan Manchester. Ya zo ɗauka da iyalinsa duka, don su gaisa da 'yan'uwa: matarsa Maman Hanan, da yara, da surukarsa Hajiya. Ita Hajiya wankan jego ta zo yi wa 'yarta, kulle ya rutsa da ita. Dattijuwa ce mai jiki, 'yar Funtuwa, ga ciwon gwiwa. Motarsu, wadda Maman Hanan za ta ja, ƙarama ce, yara da tsaraba sun cika ta, sai aka ce Hajiya ta shiga tawa tunda ta fi fili. Injiniya kuma ya ce shi gaba zai zauna kusa da ni, yana so ya ga yadda ake ja.

Kafin mu tashi ya nuna mini wayarsa. "Malam Isa, akwai roadworks, ana gyaran babbar hanya ta M6, an ce za a sha go-slow. Ga wata hanya ta Buxton, ta fi sauri."

Na ce, "Injiniya, waccan hanyar na san ta da kafaɗata. Mu bi babbar hanya, ko da rarrafe ne."

Ya ce, "Kai ne mai sana'a. Bismillah."

Tun da muka ɗau hanya na gane an yi kuskuren zama. Kun san tsakanin mutum da surukarsa a wajenmu. Hajiya ta takure a kujerar baya, ta ja mayafi har goshi, ta naɗe ƙafafun nan masu ciwo, ta ƙi miƙewa. An ba ta ruwa ta ce ta ƙoshi. Shi kuma Injiniya wuyansa ya sandare, ko waiwaye ba ya yi. Idan zai yi mata magana sai ya ce, "Malam Isa, a tambayi Hajiya ko sanyin ya yi yawa." In tambaya, ta ce, "A ce masa babu komai." Duk a cikin mota ɗaya. Na yi ta danne dariya, ban san abin da ke tafe ba.

Da azahar ta yi muka shiga wurin hutun matafiya kafin Stoke. Ana yayyafi. A irin wuraren nan mai jan ɗaki wajen manyan motoci yake tsayawa, ƙananan motoci kuma can wani gefen, ba ka ma hango su. Maman Hanan ta tako ta karɓi makullin ɗakin, ta ce ita da Umma, wato Hajiya, za su yi salla a ciki. Mu ma muka shiga ginin muka yi alwala, muka samu lungu muka yi tamu.

Abin da ya faru a bayanmu daga baya na ji shi. Maman Hanan ta idar ta bar Umma tana lazimi, ta ce mata idan ta gama ta ja ƙofa ta koma motata, ita za ta kai yara bayan gida. Hajiya kuwa ta dubi gado shimfiɗe, ta tuna kujerar da za ta koma ta takure a bayan surukinta har Birmingham. Sai ta tashi ta kulle ƙofa ta ciki, ta ja labule, ta cire mayafi, ta miƙe ƙafafunta a gadon baya. A ganinta ba ta yi wani abu ba. Ita da ta yi ƙuruciya tana shiga bayan a-kori-kura zuwa cin kasuwa, ina laifin ɗaki mai katifa? Ba ta san doka ta hana ba, ba ta kuma san dalilin hanin ba. Jikin caravan ba ƙarfe ba ne. Idan ya faɗi a guje wargajewa yake yi kamar kwali.

Da muka dawo na yi zagayen da nake yi kullum. Na duba ƙugiya, na duba wayar birki da fitilu, na taɓa tayoyi, na murɗa hannun ƙofa na ji ta a kulle, na ɗauka Maman Hanan ce ta kulle. Na shiga mota na ga kujerar baya babu kowa, sai jakar hannunta.

Na ce, "Ina Hajiya?"

Injiniya ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ta koma wajen 'yarta ke nan. Gara haka, ta samu ta sake." Ya buga wa matarsa ya ce mun tashi, ta ce su ma ga su nan fita. Bai tambaya ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ba mu yi nisa ba, a wata 'yar gangara, na ji abin a ƙuguna. Kaɗawa ce 'yar kaɗan, hagu, dama. Na ce a raina, kai, ni na auna ɗakin nan da hannuna. Ko taya ce ta yi sanyi? Na ɗan sassauta. Daidai nan muka shiga wurin aikin hanya. An matse layuka, an jera shingen kankare a hagu inda da can ake tsayawa, tireloli gaba da baya, ruwa kuma ya ƙaru.

Sai wayar Injiniya ta yi ƙara, ya sa ta a amsa-kuwwa. Muryar matarsa ce. "Baban Hanan, maganin Umma yana cikin jakarta, a miƙa mata, ba ta sha na rana ba."

Ya ce, "Ba tana wajenku ba?"

"Wajenmu kamar yaya? A ɗakin na bar ta tana lazimi, na ce ta koma motarku."

Na ɗaga ido na dubi madubin tsakiya, wanda ke nuna mini tagar gaban ɗakin. Wallahi ina kallo labule ya motsa. Hannu ya fito da ƙunshi a yatsu, ya ɗaga labulen, ya sake shi. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Injiniya, Hajiya tana bayanmu."

Ta taso ne ta leƙa, yanzu kuma tana komawa gado. Ina jin takunta a sitiyari. Duk taku ɗaya da ta yi zuwa baya sai hancin ɗakin ya ƙara sakayau, wutsiya ta ƙara faɗin kaɗawa. Ba yadda za a yi mata magana, wayarta na cikin jaka a kujerar baya.

Injiniya ya fara ihu. "Tsaya! Stop, stop! Malam Isa taka birki!"

Ku riƙe wannan, ku masu son sayen ƙugiya. Idan ɗaki yana kaɗawa, birki shi ne ajali. Mota za ta tsaya, ɗaki ba zai tsaya ba, sai ya naɗo ta gefe ya same ka. Ba ka kuma bin sa da sitiyari. Ka ɗage ƙafa daga mai a hankali, ka riƙe hannu a miƙe, ka jira. Ƙafata tana neman birki da kanta, ina hana ta. Ko da ma ba ya kaɗawa, a ina zan tsaya? Hagu kankare ne, baya kuma tirela ce da ta cika madubi, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Sai ga allon mafitar Stoke. Injiniya ya damƙi hannuna. "Ga hanya nan! Fita, don Allah fita!"

Na san mafitar nan. Da ka bar babbar hanya sai ta karye kamar gwiwar hannu. Ko da lafiyayyen ɗaki rarrafawa nake yi a wurin. In shiga da wanda ke rawa, da mutum a tsaye a ciki, ko dai in yi jifa da ita a bango ko in kwantar da ɗakin gaba ɗaya. Gaba kuwa hanya ce miƙaƙƙiya, shimfiɗaɗɗiya, har wurin hutu na gaba wajen Stafford. Da nisa, amma babu kwana. Na ce, "Sakar mini hannu." Na wuce mafitar ina kallonta.

"Ka wuce! Malam Isa ka wuce! Uwar mutane ce fa!" Matarsa tana jin komai ta waya, tana ta kiran "Umma, Umma," yara na kuka a bayanta. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Idan zaɓina ya zama kuskure, ni zan tsaya gaban matar nan in ce mata ga mafita na gani na ƙi bi.

Ana cikin haka wata doguwar tirela ta zo wucewa ta damanmu. Iskar babbar mota tana fara ture ka ne, sannan ta zuƙo ka. Ɗakin ya tafi hagu har na ga gefensa duka a madubi, ya dawo dama, bayan motata ya bi shi. Na ga tayar hagu ta rabu da ƙasa. Muka ji ƙarar faɗuwar abu a ciki, da tarwatsewar kwanuka. Injiniya ya dafe kai yana salati. Ni dai na ƙanƙame sitiyari, ƙafa a sama, ina cewa ya Hayyu ya Ƙayyumu. Tayar ta dawo ta daki kwalta. Ɗakin ya sake kaɗawa, bai kai na farko ba. Ya sake, ya ragu.

Na kunna fitilun gargaɗi. Direban tirelar da ke bayana, Allah ya saka masa duk inda yake, ya ga abin da ya faru. Shi ma ya kunna nasa, ya ja baya ya ba ni fili, ya tokare mini baya ya hana kowa matse ni.

Daga nan ɗakin ya nutsu tsaf. Ya bi ni salin-alin kamar yadda na auna shi da safe. Abin da nake roƙo ke nan, amma da ya samu sai hankalina ya fi tashi. Mai motsi a ciki ta daina motsi. Labule bai ƙara ɗagawa ba. Injiniya ya juya gaba ɗaya, ya durƙusa a kan kujera yana kallon tagar, mutumin da tun safe bai waiwaya ba. A hankali ya ce, "Malam Isa, me ya sa ya daina?" Na ce ban sani ba. Haka muka yi ta rarrafawa cikin ruwan sama, matarsa na ta kuka a waya. Na sha bin hanyar nan, ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba.

Da muka shiga wurin hutun na tsaya a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Maman Hanan, da Injiniya ya gaya mata inda za mu tsaya, ta riga mu isowa, ta taho a guje ba takalmi, makulli a hannu. Don gaggawa ta kasa saka shi, sai ni na karɓa na buɗe.

Hajiya tana zaune a ƙasa, a tsakiyar ɗakin, daidai kan taya. Ta tokare bayanta da kabad, ta tokare ƙafafu da na gabansa, fasassun kwanuka kewaye da ita. Goshinta ya fashe, jini ya gangaro har haɓa, ta riƙe wuyan hannunta na hagu. Amma idonta biyu. 'Yarta ta faɗa kanta tana kuka.

Hajiya ta ce, "Ke, ya isa haka. Da na ji abin ya fara hauka ai sai na zauna a ƙasa, yadda muke yi a bayan mota." Zaman da ta yi a wurin shi ne ya nutsar da ɗakin.

Sai ta ɗago ta hangi Injiniya a bakin ƙofa. Mayafinta yana can kan gado, kanta babu ko ɗankwali. Matar da ta sha wannan jijjiga ba ta yi ihu ba, sai ga ta a rikice tana lalube. Ta jawo tawul ɗin goge kwano ta rufe kai, ta ce da 'yarta ƙasa-ƙasa, "Ki ce da baban yaran nan ya ɗan matsa."

Injiniya ya ja da baya, ya juya mata ƙeya, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, hawaye na zuba. Ya ce, "Sannu, Hajiya."

Ta ce, "Yauwa. Ya hanya?"

Ni kuwa na zauna a kan ƙarfen ƙugiya ruwa na dukana. Da aka wanke mata goshi aka ɗaure, sai aka yi abin da ya kamata a yi tun daga Manchester. Injiniya ya koma ƙaramar mota ya ja yara, Maman Hanan ta zauna da mahaifiyarta a tawa. Ba mu kai ko'ina ba Hajiya ta miƙe ƙafafu a kan kujera, ta sha ruwa, ta ci biskit. Asibiti aka fara kai ta kafin gida, aka ce targaɗe ne.

To ga abin da kuke kira hutu. Har yau idan an ba ni aiki taswira nake fara buɗewa, in nemi hanyar da ba kwana ba gangara, wadda idan abu ya lalace za ta ba ni lokaci. Idan iyali ne, ni nake raba wurin zama, ba na kuma jin nauyin kowa a kan wannan. Makullin ɗaki a aljihuna yake kwana.

Akwai kuma abin da Turawan da muke haɗuwa da su a wuraren hutu ke kallona a kai, ku ma na ga kuna ƙus-ƙus ranar da kuka gani. Duk inda na tsaya, ko na minti ɗaya ne, ko da ni kaɗai na taho kuma ni na kulle da hannuna, ba na tayar da mota sai na je na buɗe ƙofar ɗakin. In tsaya a bakin ƙofa in ce, "Salamu alaikum." Sannan in yi shiru in saurara, ko za a amsa.